Mazaɓar da Aka Shafe: Tsohuwa Ce ko Rusasshiya?

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu aikin fassara. Akwai kalmar da ta tsaya mini a rai tun makon jiya, ina so mu yanke mata hukunci tare.

Tarihin wata mazaɓa nake rubutawa, ta majalisar dokokin lardin Ontario a Kanada, mai suna York South, a yankin birnin Toronto. Mutanen can "riding" suke ce wa irinta. Wannan ba ta ba ni wahala ba, mazaɓa ce kawai. Na kawo ta ne don na taɓa ganin an fassara ta da "hawa", kamar hawan doki, abin kuwa ya yi mini ciwo, domin mai karatu ba zai taɓa gane zancen zaɓe ake yi ba. Asalin kalmar daga harshen mutanen arewacin Turai na dā ne, ma'anarta kashi ɗaya cikin uku. Yankin Yorkshire na Ingila uku aka raba shi, Arewa da Gabas da Yamma, kowane kashi da wannan suna, daga nan Kanada ta ara.

Inda gizo ke saƙar shi ne "former" ko "defunct", wato mazaɓar da yanzu babu ita.

Ku ji labarinta tukuna. An kafa York South a 1926. Shugabanni uku na jam'iyyar CCF mai goyon bayan 'yan ƙwadago, wadda daga baya ta koma NDP, suka riƙe kujerarta. Ted Jolliffe ya ci ta a 1943. Donald MacDonald ya riƙe ta daga 1955 har 1982, shekara 27 ke nan, sannan ya sauka don sabon shugaban jam'iyyarsu ta NDP, Bob Rae, ya samu ƙofar shiga majalisa. Daga wannan kujera Rae ya zama firimiyan Ontario, 1990 zuwa 1995. Da ya ajiye ta a 1996, Gerard Kennedy na jam'iyyar Liberal ya ci zaɓen cike gurbi. A shekarar ne kuma gwamnatin Mike Harris, firimiyan da ya gaji Rae, ta yi dokar rage kujerun majalisa daga 130 zuwa 103, aka daidaita iyakokin mazaɓun lardi da na tarayya. Da zaɓen 1999 ya zo, babu York South. An raba unguwanninta an zuba a sababbin mazaɓu, ciki har da York South—Weston.

To, me za mu kira ta?

Abin da ya fara zuwa bakina "tsohuwar mazaɓa" ne, kuma na san hujjar masu goyon bayanta: ai muna cewa tsohuwar Tarayyar Sobiyet, kowa yana ganewa. Gaskiya ne, amma ana ganewa ne don kowa ya riga ya san ta wargaje. York South fa, wa ya san ta a Gusau ko Maraɗi? In na rubuta "tsohuwar mazaɓar Bob Rae", za a ɗauka wadda ya bari ce, tana nan wani na wakiltarta. In na ce "tsohuwar mazaɓa ce a Ontario", za a ɗauka ta daɗe ne, kamar tsohuwar kasuwa da har gobe ake ci. Ko a gida haka ne. Tsohuwar jihar Kano na nufin Kano kafin a cire Jigawa a 1991, kuma Kano na nan. Tsohuwar jihar Gongola kuwa babu ita, a shekarar ce ta zama Adamawa da Taraba. Kalma ɗaya, hali biyu.

Wani malamina ya ba ni "sokakkiyar mazaɓa". Na juya ta sosai, Malam, amma kunnena bai karɓa ba. Soke yana ɗauke da ƙamshin an ɓata abu kamar bai inganta ba tun farko, irin yadda aka soke zaɓen 12 ga Yuni 1993. York South kuwa ta yi shekara fiye da 70 tana tura wakilai, dokokin da suka sa wa hannu suna nan daram.

Ni dai na tsaya a kan "rusasshiyar mazaɓa", jam'inta "rusassun mazaɓu". Muna cewa an rushe majalisa, an rushe kwamiti, ba wanda ke tunanin katanga. Tana nuna abin ya wanzu, ya yi aiki, sannan hukuma ta kawo ƙarshensa. "Tsohuwa" sai mu bar wa mutum da kujerar da ya bari.

Ga yadda zan buɗe rubutun, wanda ya ga gyara ya faɗa kafin in ci gaba: "York South rusasshiyar mazaɓa ce ta majalisar dokokin lardin Ontario, wadda ta wanzu daga 1926 zuwa 1999."