Abokin aikina ɗan Filifin zai kai ni gidan abincinsu a Satwa, me zan ci?

Ɗan_Fagge:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina aiki a wani shagon kayan waya a Deira, nan Dubai. Akwai wani abokin aikina ɗan Filifin, mutumin kirki, duk ranar da na zo da dambun nama sai ya sa hannu. Yanzu ya dage sai ya rama, wai ranar Asabar zai kai ni gidan abincinsu a Satwa. Damuwata naman alade, don na ji suna cinsa sosai. Ga shi ko sunan abincinsu ɗaya ban sani ba, kada in je ina ta zare ido. Wanda ya taɓa ci ya taimaka.

Maman_Ilham:
Wa'alaikumus salam. Ƙanena kwantar da hankalinka. Mu a Riyad muna cin nasu a unguwar Batha. Ka nemi sinigang na kifi ko na jatan lande, romo ne mai tsami da ake yi da tsamiya, ga kayan lambu a ciki. Sai kare-kare, wutsiyar sa ce a miyar gyaɗa mai kauri, za ta tuna maka da miyar taushe. Amma ba ta da gishiri sosai, shi ya sa suke haɗo ta da bagoong, wato niƙaƙƙen jatan lande mai ɗan karen gishiri da wari. Kaɗan za ka ɗiba, kada ka zuba duka! Shinkafa kuwa ba sai ka tambaya ba, har karin kumallo da ita suke yi.

Malam_Sabo:
Hajiya, Riyad daban, Dubai daban. A Dubai akwai wuraren da ke da lasisin sayar da alade, don haka ya tambaya tun daga bakin ƙofa. In ka ga an rubuta baboy, alade ne. Lechon da sisig asalinsu na alade ne, ko da yake ana yin sisig na kaza ko na kifi. Dinuguan kuwa da jini ake dafa shi, kada ma ka kalle shi. Adobon kaza ba laifi: kaza ce da ruwan kal da tafarnuwa da ruwan waken soya. Ka tambayi abin da aka cusa cikin lumpia, wato spring roll ɗinsu, da kuma man da aka soya ta da shi.

Bashir_Doha:
Ni matsalata da su sukari. Taliyar Jollibee, sanannen gidan abincin 'yan Filifin, zaƙi gare ta, sai da na ajiye cokali. Kazarsu dai ta yi. Mai son yaji ya nemi girkin Musulmin Mindanao da ke kudancin Filifin, 'yan ƙabilar Maranao suna da wani haɗin albasa da citta da barkono da suke kira palapa. In babu, tafi da ƙullin yajinka a aljihu.

Ɗan_Fagge:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Na tambaye shi, ya ce wurin na halal ne, har takardar shaida sun manna a bango. Kare-kare zan gwada. Wai kuma dole in sha halo-halo daga ƙarshe, ƙanƙara da madara da wake. Wake a cikin ƙanƙara fa, jama'a?