Kwandalar cikar Majalisa shekara 30: a buga ko a bari?

Malam Sani: Jama'a, a Yunin 2029 Majalisar Tarayya za ta cika shekara 30 tana zama ba tare da soja sun garƙame ta ba. Ta Jamhuriya ta Biyu daga 1979 zuwa ƙarshen 1983 kawai ta yi. Ni a ganina ya dace Babban Banki ya buga kwandala ta tunawa. Indiya ta yi haka a 2012 da majalisarsu ta cika shekara 60, suka fitar da ta rufi 5 da ta rufi 10.

Hajiya Rabi: Malam, ka yi haƙuri, wa zai karɓa? Je ka kasuwar Wuse ka miƙa wa mai tumatir kwandala ka ga kallon da zai yi maka.

Bala Kubwa: Ai an riga an yi, kun manta ne. Naira 2 ɗin da aka fitar a 2007, mai ƙarfe kala biyu, zanen ginin Majalisa ne a jikinta da ƙubbarsa. Naira 1 kuma Herbert Macaulay. Akwai guda a durowar Babanmu cikin maɓallai da tsofaffin makullai. Yarana sun ɗauka kuɗin Nijar ne.

Malam Sani: Waccan ta kashewa ce, Bala, hauhawar farashi ta cinye ta. Ni ta ajiya nake nufi. Da Indiya ta buɗe sabon ginin majalisarta ranar 28 ga Mayun 2023, ta buga ta rufi 75, nauyinta giram 35, rabinta azurfa. Ba a sayen gishiri da ita. Masu tara tsofaffin kuɗi ke saya da tsada, har ribar ta shiga aljihun gwamnati.

Hajiya Rabi: A can ke nan. A nan na san yadda za ta kaya. Sanatoci 109, wakilai 360, kowa a ba shi tasa cikin akwati mai ƙyalli, a yi liyafa, a rubuta kwangila. Talaka sai dai ya gani a talabijin.

Injiniya Musa: Ni abin da ya fi ba ni dariya, wannan Majalisar ce ta tashi tsaye a 2012 da Sanusi Lamido Sanusi, Gwamnan Babban Banki na lokacin, ya kawo shirin takardar naira 5,000 da mayar da naira 5 da 10 da 20 kwandaloli. Aka yi ta ce-ce-ku-ce har Jonathan ya ce a dakata. To yanzu kuma a ɗora su a kan kwandala?

Bala Kubwa: Injiniya ka taɓo inda yake ƙaiƙayi.

Malam Sani: Ku bambanta Majalisa da 'yan Majalisa mana. Mutane na zuwa su tafi, kujerar na nan. Wannan Majalisar ce ta kashe tazarcen Obasanjo a 2006. Ko don wannan kaɗai ta ci a tuna da ita.

Hajiya Rabi: Wannan kam gaskiya ce, ba na musu. Amma in tunawa ake so, a bi hanyar da aka saba. An yi takardar naira 50 ta cikar shekara 50 da 'yancin kai a 2010, an yi ta naira 100 ta cikar shekara 100 da haɗe Kudu da Arewa a 2014. Waɗannan sun shiga hannun kowa, har mai ƙosai.

Injiniya Musa: Yaya Rabi, ita ma naira 100 ɗin me take saya yau?

Malam Sani: To a yi ta ajiyar, amma da sharaɗi: ba kyauta ga kowa, Sanata ma ya zaro kuɗinsa ya saya, a kuma bayyana adadin da aka buga.

Bala Kubwa: Malam, wa zai rubuta sharaɗin? Su ɗin dai.