Neman shawara: babban yatsana ya ƙi rabuwa da sauran yatsu a kiɗan jita

Mai tambaya, daga Bauchi:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ban jima da fara koyon jita ba, kuma abin da ya ja hankalina shi ne buluz, kiɗan baƙar fatar kudancin ƙasar Amurka, musamman salon da ake kaɗa shi da yatsu zalla. Na iya kamun E7 da A7, ina lallaɓa B7 (sunayen hanyoyin danne tsirkiyoyi ne a wuyan jita domin fitar da haɗin sauti), amma da zarar na sa manuniya ta taɓa siraran tsirkiyoyi sai babban yatsa ya tsaya cak. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni: ta ina zan ɓullo wa lamarin?

Amsa ta farko, daga Gombe:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Matsalarka ita ce kana neman koya wa yatsu duka aiki a lokaci guda. Ajiye sauran tukuna. Ka kama E7, ka sa babban yatsa ya riƙa dukan tsirkiya ta 6, wato mafi kauri, sau huɗu a kowane zango (zango shi ne ƙidayar bugu huɗu), gefen tafin hannunka yana ɗan danne ta kusa da gindi domin sautin ya fito a daƙile. In ka koma A7 sai ya sauka kan ta 5. Ka saita manhajar ƙidayar bugu a wayarka kan 60 a minti, ka daure da wannan har sai ka iya yin hira da mutum yatsan bai ɓata ba. Wanda ya taɓa sauraron mai gurmi ya san akwai amon da ba ya yankewa a ƙarƙashin kiɗan, to shi kake nema.

Daga nan ka ƙara sauti ɗaya tak: manuniya ta ja tsirkiya ta 3 tare da babban yatsa a bugun farko. Sai hakan ya zauna kafin ka fara jefa sauti a tsakanin bugu biyu, domin a nan ne yawancin masu koyo suke tuntuɓe.

Amsa ta biyu:
Na yarda da Malam, sai dai ina ganin bai kamata a bar shi kan kamu ɗaya har ya gundura ba. Zubin da aka fi sani zango 12 ne: huɗu a E7, biyu a A7, biyu a E7, ɗaya a B7, ɗaya a A7, ɗaya a E7, sannan na ƙarshe a B7 domin ya mayar da kai farko. Ya riƙa zagaya wannan da babban yatsa kaɗai, ta yadda kunnensa zai saba da wuraren sauyi. B7 kuwa yatsu huɗu yake ci, saboda haka kowa yana shan wuyarsa da farko.

Amsa ta uku:
Ɗan'uwa, ka duba jitar kanta. Iskar hunturu a nan yankin tana busar da katako, tsirkiyoyi su riƙa kaucewa daga saiti, don haka ka daidaita su kafin kowane zama, kuma ka riƙa mayar da ita cikin jakarta. Idan na ƙarfe ne kuma sun yi nisa da wuyan jitar, ka kai wa mai gyara ya sauke su ko ya sa maka marasa kauri, kafin kan yatsunka su yi kanta.

Mai tambaya:
Allah ya saka da alheri. Nawa na ƙarfe ne, kuma lallai sun yi sama. Akwai wanda ya san mai gyara a wajen Wunti, nan Bauchi?