Shawarwari kan renon hoya a cikin ɗaki

Masu renon hoya, wata shukar ado mai yaɗo da ake dasawa a tukunya, sun yi ittifaƙi cewa jinkirin girma ɗabi'arta ce, domin takan shafe watanni ba ta fitar da sabon ganye ba. Yawan ban ruwa ne ya fi kashe ta, tunda ganyenta mai kauri yana adana ruwa, don haka a bari ƙasar tukunya ta bushe tukuna, a kuma cakuɗa ƙasar da ɓawon itace, saboda a dazuzzukan Asiya jikin bishiyoyi take maƙalewa. Tana son haske kusa da taga, ban da zafin tsakar rana. Wasu sun ja kunne, kuma da gaskiyarsu, cewa kada a yanke guntun karan da fure ya bushe a kansa, domin a nan sabo zai sake fitowa.