Shin bishiyoyin unguwa na gyara halin matasa, ko dai zance ne?

Uwar Samari, Jidda: Assalamu alaikum. A unguwarmu daga makaranta sai ɗaki, sai mukayyif (na'urar sanyaya ɗaki) da waya har tsakar dare. Yara sun zama masu saurin fushi, barci ya lalace. Ana ta cewa rashin inuwa da wurin shan iska na da hannu. Gaskiya ne? In haka ne, me za mu dasa?

Malamin Sakandare: Wa alaikumus salam, Hajiya. Akwai ƙamshin gaskiya. A 2019 masana a Jami'ar Aarhus ta Denmak sun bi bayanan mutum kusan miliyan ɗaya, suka ga waɗanda suka tashi inda tsirrai suka fi ƙaranci haɗarin ciwon ƙwaƙwalwa ya fi yawa a kansu da har kashi 55 cikin ɗari. A 2016 kuma, a kudancin Kalifoniya, an bi matasa 1,287 masu shekara 9 zuwa 18, aka ga faɗa da tsokana sun fi sauƙi ga waɗanda ke da tsirrai kusa da gida. Amma a kula, alaƙa kawai aka gani, ba a tabbatar tsirran ne sanadi ba, domin unguwa mai bishiya sau da yawa ita ce ta masu hali. Abin da ake ganin yana taimakawa shi ne: inuwa na fito da yaro, ya motsa jiki, ya ga hasken safe, ya haɗu da sa'o'insa, dare ya yi ya samu barci. Hukumar Lafiya ta Duniya na son yara da matasa su yi minti 60 na motsa jiki kullum. Yaron da ya yi mako biyu cikin ƙunci, ya daina ci ko ya ƙaurace wa mutane, likita za a kai shi.

Mai Lambu, Makka: Hajiya, darbejiya ki nema, irin wadda ke yi wa alhazai inuwa a Arfa. A fara neman izinin baladiyya (hukumar gari) in a bakin titi ne. A dasa tsakanin Oktoba da Fabrairu, wanda aka dasa da zafi yakan ƙone. Rami kamu biyu faɗi da zurfi, ƙasa kashi biyu, ruɓaɓɓen taki kashi ɗaya, ɗanyen taki yana ƙona saiwa. Nesa da bango da bututu aƙalla mita huɗu. Ruwa lita 20 duk bayan kwana biyu a shekarar farko, a zuba a hankali ya nutse. Yayyafi kullum shi ke sa saiwa ta tsaya sama, gishiri ya taru fari fat a gindi. Ruwan da ke ɗiga daga mukayyif ba shi da gishiri, a tara shi a jarka. A guji bazarumiya (bishiyar da ake kira Conocarpus) duk da saurin girmanta, saiwarta na shiga bututu tana ɗaga daɓe.

Yaya Babba: Ƙari kaɗan. Lambu marar fitila wanda dattawa ba sa zama a cikinsa, nan da nan yake zama majalisar masu shan taba, iyaye kuma su hana 'yan mata zuwa. A sassabe rassan ƙasa har tsayin mutum don a riƙa hango ciki, a sa benci, a raba wa samari bishiya ɗaiɗai su riƙa ban ruwa bayan la'asar.