Ɗana ne na ɗaya a aji, amma barci ya ƙaurace masa

Baban Yaro, Garwa: Assalamu alaikum. Ɗana mai shekara 17 yana ajin Terminale C, wato ajin ƙarshe na sakandare, ya sauke Alƙur'ani tun yana ƙarami, kuma bai taɓa sauka daga na ɗaya ba. Tun da ya samu 11 bisa 20 a lissafi, wata uku ke nan, ba ya barci, gabansa yana faɗuwa, yana cewa ba shi da amfani. An yi ruƙiyya, babu sauyi. In bar shi ya zauna bak, wato jarrabawar kammala sakandare, a bana, ko in kai shi wajen likitan ƙwaƙwalwa a Yawunde?

Hajiyar Marwa: Alhaji, kambun baka ne, a yi masa ruƙiyya.

Yayar Wani: Haka aka ce da mu a kan ƙanena, wanda malamai ke kira ya gyara musu lissafi a allo. Da ya faɗi jarrabawar shiga karatun likita, ya rufe kansa a ɗaki, muna ajiye tuwo a bakin ƙofa, mu ɗauke shi da safe ya bushe. Mahaifinmu ya ce lalaci ne. Shekara biyu muna yawon magani, har abokai suka koya masa tiramol. Yanzu yana sayar da katin waya, kuma ba ya son ganin littafi.

Nas, Ngawundare: Ƙuncin da ya wuce mako biyu yana hana barci da ci, ciwon damuwa ne, kuma maganinsa yakan ɗauki makonni kafin a ga aikinsa. Alhaji, ka tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin cutar da kansa. Idan ya ce eh, kada a kwana ba a je asibiti ba. 

Yayar Wani: Mu sefa 20,000 muka biya wajen ganin likita, ban da mota da jirgin ƙasa.

Hajiyar Marwa: Nas ba likita ba ce, ni kuwa 'ya'ya tara na raina.

Ɗan Acaba: Ni da na saba ɗaukar na ƙarshe, ko aradu ba ta tashe ni daga barci.

Tsohon Malami: Laifin namu ne. Muna karanta sakamako a gaban aji daga na ɗaya zuwa na ƙarshe, iyaye kuma suna yawo da takardar sakamakon yaro a majalisa, har ya ɗauka darajarsa a gida tana rataye da makinsa.

Hajiyar Marwa: Malam, ku fara bayyana mana kuɗin darasin yamma da kuke karɓa kowane wata.