Sai ingarma ya hau da kansa: kare jini ne ko kare aljihu?

Mai Barga: Jama'a, ni fa har yanzu ina nan kan bakana. Jockey Club ta Amurka, hukumar da ke rajistar dawakin sukuwa jinsin Thoroughbred, da masu riƙe da kundin nasabarsu a Ingila ba sa yi wa dukushi rajista sai in ingarma ne ya hau goɗiya da kansa. In ɗura mata maniyyi aka yi, ko da iyayensa 'yan asali ne gaba da baya, ba ya shiga littafi. Wannan ba kare jini ba ne, kare kuɗin barbara ne kawai.

Kawu: Haba ɗana, yi a hankali. Tun 1791 gidan Weatherby ke rubuta littafin nan. Duk dokin da ke shiga ciki a yau, in ka bi salsalarsa ta wajen uba, ingarma uku za ka tarar: Byerley Turk, Darley Arabian da Godolphin Arabian. Jinin da ma a ƙuntace yake. Ka buɗe ƙofar ɗure, ingarma ɗaya ya cika ƙasa da 'ya'yansa, nan gaba wa za a haɗa da wa?

Mai Barga: Kawu, ranka ya daɗe, ai an riga an cika ta. Akwai ingarman da ke hawan goɗiya fiye da 200 a shekara. Yana gama aiki a jihar Kentucky ta Amurka a sa shi a jirgi sai Ostareliya, tunda lokacin barbararsu daban ne. A 2020 Jockey Club ta ce kada a wuce 140. Manyan gonaki uku suka maka ta a kotu, a 2022 ta janye. To wa ke riƙe da linzamin?

Dakta: Kowannenku na da rabin gaskiya. Tsohuwar hujjar cewa za a rikita uba ta faɗi, tunda yanzu da gashin doki ake gwajin DNA. Kuma hawan kansa ba wasa ba ne. Sai an sa wa goɗiya takalma masu laushi a ƙafafun baya don kada ta harbi ingarma, a shimfiɗa mata fata a wuya saboda cizo, mutane na riƙe da su ta ko'ina. Amma Kawu bai yi ƙarya ba, gajiyar ingarma ita ce birkin da ya rage.

Hajiya: Ni abin da ya sa ba na sakin jiki da zancen tsarkin jini, a 1913 Ingila ta kafa dokar Jersey, ta toshe wa yawancin dawakin Amurka hanyar shiga littafinta. Da dawakin Faransa masu wannan jinin suka riƙa lashe manyan tsere a Ingilar, sai aka soke ta a 1949.

Ɗan Polo: Mu a polo ba ruwanmu. Shahararren ɗan polo Adolfo Cambiaso ya buga wasa a Ajantina kan dawakin da aka kwafo daga ƙwayar halittar goɗiyarsa Cuartetera.

Dakta: Polo ba ta tambayar takarda, malam. A sukuwa kuwa, wani mai kiwo ya kai ƙarar dokar hana ɗure a Ostareliya, kotu ta ba masu littafi gaskiya a 2012.

Mai Barga: Kotu ta ce dokar ba ta saɓa ƙa'idar kasuwa ba, Dakta. Ba ta ce don jini aka yi ta ba.

Kawu: To ka kawo mana wani birkin kafin ka cire wannan.